Fitilar Kyari da Tsintsiyar Ya Fanne

"Wushe, wushe da aiki, amaryata. Yaya hayaƙi?"

"Hayaƙi ya fi ka amfani, shi ko ba komai yana kore mini sauro. Ina ka shige tun safe, mijin wahala?"

"Kasuwar shanu na je neman mai sayenki. Dillalai suka ce ba sa karɓar abin da ba shi da haƙori."

"Ai da ka tsaya sun buɗe naka bakin, da tuni sun haɗa ka da jakuna."

Haka Kyari da kakarsa Ya Fanne suke gaisawa kullum. Duk ranar da na ji sun gaisa da mutunci, to zan ajiye almakashi in je in kira mai magani, don ɗayansu ba lafiya. Ni tela ne, sunana Sule. Rumfata tana bakin hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Maiduguri, nan gefen unguwar Hausari a Potiskum. Murhun ƙosan Ya Fanne kuwa yana gindin bishiyar maina dab da ni, har kayan da nake ɗinka wa mutane sukan tafi gida da ƙamshin man gyaɗa. Zamanin Turawa ne, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai.

Kyari mai faci ne. Yana goye uwarsa ta rasu, ba a daɗe ba ubansa ya bi ta, wannan tsohuwa ce ta raine shi, kuma ban da shi ba ta da kowa a gidan sai akuya. Manyan motoci da magariba suke shigowa gari, su wuce shi a duhu ba su san da mai faci a wurin ba. Sai ya nemi allo ya sa aka zana masa taya, ya kafa a bakin hanya, ya rataya masa fitilu biyu masu famfo, irin masu hasken nan fari fat, ɗaya dama ɗaya hagu. Nan da nan aiki ya buɗe masa. Mai shayi ya gani ya yi nasa, mai maganin ciwon baya ma ya yi. Ana cikin haka tsautsayi ya faɗa wa allon Kyari, 'yan doka suka bi layi suka ce kowa ya kashe fitilarsa sai majalisar gari ta zauna ta yanke hukunci. Aiki ya tsaya cik. Kyari ya rantse in aka hana shi fitila, Jos zai tafi haƙar kuza, har ya ɗaure akwatinsa ya ajiye a bakin ƙofa.

To ranar da nake ba ku labari ita ce ranar zaman majalisa, ta kuma dace da ranar Cika-ciki. Ga shi ya dawo da la'asar sakaliya, da wani abu ƙunshe cikin buhu a hammata, fuskarsa ba ta nuna komai. Daga ni har tsohuwar ba wanda ya san abin da aka yanke.

"Matsa mini in zauna," in ji Kyari.

"Zauna a kan tayarka. Kujerata ba ta ɗaukar ɓarawon igiya. Ka kwance wa akuyata igiya ka ɗaure tsohon akwatinka, ga ta can tana yawo gida gida tana jawo mini zagi. Jiya zanen matar liman ta ci."

"Gado ta yi. Ke ma ai ba gidan da ba kya shiga."

"Ni dai ban taɓa tsayar da motocin ƙasar nan da fitila ba."

"Ni na tsayar da su? Direba ne ya tsayar da kansa."

"Malam Sule, kana jinsa ko? Bawan Allah ya taso daga Jos da buhunan gishiri, ya iso 'yar gadar nan da mota biyu ba sa giftawa a kanta, ya hango idanu biyu farare suna kallonsa. Ya ce ga mota nan tafe, bari in ja gefe ta wuce. Ya ja gefe. Mota ba ta zo ba. Karen motarsa ya ce bari ya je ya dubo, ya ce kul, irin wannan haske sai motar Razdan, babban Baturen lardi, ita kuwa ba a yi mata gaggawa. Na bayansa suka zo suka jeru. Fasinjoji suka sauka suka yi magariba, suka yi isha'i, wata mata ta hura wuta ta dama kunu."

"Ƙarya kike, ba wadda ta dama kunu."

"Ta dama! Ni na ara mata ludayi."

"Ke da ko da rana tsaka sai an riƙe miki sanda kike kai wa gadar nan?"

"Ludayin ne ya je da kansa. Ina ruwanka? Sai da Baturen hanya, wanda motarsa ce ta ƙarshe a layi, ya gaji ya tako da ƙafa don ya ga wace babbar mota ce wannan, ya tarar da katako, da kai a gindinsa ka miƙe ƙafa kana sakace."

"Ai ya yaba zanen."

"Wane zane? Wannan baƙin abu mai rami a tsakiya? Ni da na fara gani na ɗauka ƙosaina kake yi wa talla."

"Ƙosanki ai ya fi taya baƙi. Jiya wani direba ya sayi guda ya ce zai riƙe don gudun ɓacin rana, in ƙafar motarsa ta fashe a daji ya ɗaura."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai mini ciki ba, don akwai gaskiya a maganar. Idon Ya Fanne ya fara ja baya. In rana ta yi ƙasa, da 'yar aci-balbal take suya, sai dai ta yi ta lalube da tsinke, ƙonannun ta tura mini ta ce kyauta ce. Na ci ƙonannen ƙosai a shekarar nan har harshena ya saba.

Ta zuba ƙullu a kasko, sannan ta ce, kamar da kaskon take magana, "Su waɗancan masu manyan rawunan, sun dai zauna ko?"

"Sun zauna."

"To madalla. Ni ba tambayarka nake ba."

"Ni ma ba amsa na ba ki ba."

"Mene ne a cikin buhun nan? Guzuri?"

"Kayan maza ne, ba ruwan amare."

"Da wace mota za ka tafi? Faɗa mini in ba direban ƙosai kyauta, ya yi sauri da kai, kada ya tsaya ko a Bauchi."

"In na tafi wa zai ɗebo miki ruwa?"

"Kai! Samari nawa ke jiran ka kauce? Mai unguwa da kansa ya aiko. Akwai wani maƙeri a unguwar Bolewa, kullum sai ya zo ya tsaya yana kallona."

"Makaho ne, Ya Fanne. Ƙamshin mai yake bi."

"Ko makaho ne ya fi ka, shi ba zai bar matarsa ya tafi tonon rami kamar gafiya ba."

Ta faɗi haka tana dariya, amma ina kallonta, sai kai tsinke take tana kuskurewa, ta kasa tsire ƙosai ɗaya. Wallahi na ji tausayinta. Na kuma ji haushin Kyari, don ja'irin ya ga abin da na gani, amma ya gyara zama ya ɗora ƙafa kan ƙafa kamar mai shirin ba da tatsuniya.

"Bari dai in ba Malam Sule labari, tunda ke ba kya son ji," in ji shi. "Aka kira mu, ni da mai shayi da mai maganin baya. Muka tuɓe takalma muka gurfana. Ga dattawa sun jeru, ga Baturen hanya a gefe da tafintansa. Wani ya ce a hana fitilun nan kwata-kwata, suna ruɗa direbobi. Wani ya ce haskensu yana tsallake zana ya shiga tsakar gida, iyalinsa sun daina cin tuwo a waje. Wakilin dillalai ya ce shanun da ake korowa kasuwa da yamma suna firgita su watse. Kowa ya tofa, ba mai cewa a bari. Mai shayi har ya fara sharar ƙwalla."

"Kai fa?" na ce.

"Ni ai tuni zuciyata ta kai Jos."

Ya Fanne ta tura itace cikin murhu da ƙarfi har tartsatsi ya tashi.

"Ana shirin rufe magana," Kyari ya ci gaba, "sai Malam Babaji ya yi gyaran murya. Kin san shi ai, amarya."

"Wane Babaji? Wannan siririn Bafulatanin da iska ke kaɗawa? Bawana ne. Kakata ce ta sayi kakansa da ƙwaryar gero, har aka ba ta gyara."

"To bawan naki yau ƙofar gidansa tas take. Na bi ta wurin, ko tsinke babu. Har da zanen tsintsiya a ƙasa, irin na gwanaye."

Tsohuwa ta kau da kai. Ni kuwa ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki.

Sai in gaya muku dalili. Ya Fanne Babarbariya ce, Malam Babaji kuwa, dattijo a majalisar gari, Bafulatani ne, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ranar Cika-ciki ita ce ranar karɓar shara tsakanin abokan wasa. A tsakanin waɗannan biyu kuwa abin ya wuce na baki. Wanda duk ya ɗauki tsintsiya ya share ƙofar gidan ɗan'uwansa, ya yarda ke nan shi ne bawa, amma fa abin da ya roƙa a ranar ba a hana shi. Tun suna da ƙuruciya suke wannan yaƙi. Kowace shekara Babaji yakan aiko mata da sabuwar tsintsiya, ita kuma ta mayar masa ta ce ya share wa shanunsa hanci. A gabana ta sha rantsewa cewa sai dai a kai ta kabari ba ta duƙa wa Bafulatani ba. Duk Hausari an san ta da wannan alfahari, kuma in ka cire Kyari, ban san abin da take ji da shi kamarsa ba.

"Iska ce ta share," in ji ta.

"Iskar tana da lalle a ƙafa? An ce da asuba aka gan ta, da zane baƙi da sanda."

"To ɗan kunnena ne ya faɗi a wurin, nake nema."

"Ke da rabonki da ɗan kunne tun kafin zuwan Turawa?"

"Shi ya sa neman ya yi wuya, ɗan nema! Wa ya gaya maka wannan ƙarya?"

"Shi da kansa, a gaban majalisa. Ya ce ya fito daga masallaci da jama'a, ya tarar da Fanne 'yar Barebari ta duƙa tana share masa ƙofa. Ya ce ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Ya sa aka kira masu wucewa su zo su shaida."

"Allah ya isa tsakanina da mai dogon wuyan nan."

"Ya ce ya miƙa miki goro, kika ture. Ya ce a kawo turmin atamfa, kika ce ya ɗaura wa saniyarsa. Har karsana ya yi miki tayi."

"Karsanar da haƙarƙarinta ke waje? Ko kura ba za ta karɓa ba."

"Ya ce to me kike so? Kika ce, 'Fitilar mijina nake so.' Ya ce ai ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Kika ce to gobe ma za ki dawo da tsintsiya, jibi ma haka, kuma duk wanda ya zo sayen ƙosai sai kin gaya masa Fulani sun ci shara sun hana lada."

"Ban ce mijina ba. Cewa na yi fitilar wancan sakaran."

"Majalisa ta ɗauki dariya. Bature ya tambayi tafinta abin da ake wa dariya, tafinta ya yi ta fama, ya ce wata tsohuwa ce ta share ƙofa. Bature ya ce to mene ne abin dariya a shara? Aka sake fashewa."

Ya Fanne ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tsinken a bakin kasko, ta juyo ta dube shi sosai. Muryar da ta fito daga bakinta ban taɓa jin ta yi masa magana da irinta ba.

"Kyari. Bar wasan nan haka. Za ka tafi ne, ko ba za ka tafi ba?"

Ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya zaro wata igiya a naɗe, ya ɗora mata a cinya.

"Ga igiyar akuyarki. Na biya ta gida na kwance."

Ta shafa igiyar, ta sake shafawa, ta damƙe ta da hannu biyu. Na ga leɓenta yana motsi, na san hamdala take yi. Ni ma na yi tawa a fili, don in yaron nan ya tafi, ban san yadda za mu yi da tsohuwar nan ba. Ƙosan da ke cikin kasko kuwa ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya kula sai ni, da yake na san inda zai ƙare.

Ba ta daɗe ba ta dawo hayyacinta. Ta ja majina ta ɗaga igiyar sama.

"Ka rage mata tsawo. Ba haka na ba ka ita ba."

"Ba ki ba ni ba, sata na yi, ke kika faɗa."

"To ɓarawo, ƙarasa labarin. Me bawan nawa ya ce?"

"Ya ce shi dai an ɗaure shi da shara, ba shi da mafita, amma kuma a duba magana. Ya ce fitila ba ta yi laifi ba, jera su biyu da aka yi daidai tsayin idon mota shi ne ya jawo abin. Daga nan aka shiga ja-in-ja. Mai kukan tsakar gida ya ce sai dai a yi wa fitila marfin gwangwani ta ɓangaren gidaje. Wakilin dillalai ya ce ranar da ake koro shanu a jinkirta kunnawa sai sun shige. Bature ya ce kada a ga allon kowa kusa da gada. Aka yi ta yi har aka daidaita. Gobe mai shela zai bi gari."

"A kan me aka tsaya?" na tambaya.

"Kowane allo fitila ɗaya tak. A ɗaga ta sama ta wuce tsayin babbar mota. A ja allon baya, a tsallake lambatu. In kasuwar dare ta watse kowa ya kashe. Mai shayi an ba shi gefen tasha, mai maganin baya an tura shi bakin kasuwa."

"Kai kuma aka tura ka gidan yari," in ji Ya Fanne.

"Ya fi gidan yari muni. Malam Babaji ya ce tunda baiwarsa ce ta roƙa, a kafa nawa a gindin bishiyar maina, ta riƙa gadinsa."

"Nan? A kan murhuna?"

"Nan ɗin."

"Wayyo ni Fanne! Na share ƙofa na sayo wa kaina masifa. Yanzu da rana in ga fuskarka, da dare ma a haska mini ita? Malam Sule, gobe ka raka ni majalisa in ce na fasa."

"Ni ba inda za ni," na ce. "Hasken zai kai rumfata, in samu in riƙa zura zare bayan magariba. Allah ya saka wa Malam Babaji da alheri."

"Ka ji munafuki. Ni na yi shara, Bafulatani ake sa wa albarka." Ta juya kan jikanta ta miƙa hannu. "Kai kuma, yau Cika-ciki. Ina sharata? Ko kana tsammanin na manta? Miji ne kai ko hoto?"

"Me zan ba ki? Kin ƙi karsana."

"Ba ni abin da ke cikin buhun nan, ko da dutse ne."

Kyari ya jawo buhun ya kwance bakinsa a hankali, don ya ƙara ja mata rai. Ya fito da fitila mai famfo, ɗaya daga cikin biyun nan da suka tsayar da motoci, ya goge ta har tana ƙyalli.

"Majalisa ta ce ɗaya tak za ta hau allo," in ji shi. "Ɗayar ba ta da aikin yi, kamar ke. Na ce bari in haɗa ku."

"Wannan abin mai huci kamar kububuwa? So kake ta fashe ta kashe ni ka ci gadon akuya?"

"Ba sai kin taɓa ta ba. Ni zan zuba kananzir, ni zan buga mata iska kullum. Na tambayi Malam Babaji, ya ce ta ajiye ƙasa kusa da kasko ba ta cikin hukunci, muddin an kare ta daga hanya."

Rana ta riga ta faɗa bayan gidaje. Ya durƙusa ya kunna ta, ya yi ta buga famfo, ta yi ja, ta yi huci, sannan ta buɗe fari fat. Gindin bishiyar nan ya zama kamar hantsi. Ya Fanne ta kare ido da tafin hannu. Da ta sauke, ta leƙa kasko ta yi salati.

"Wa ya ƙona mini ƙosai haka?"

"Wadda ta saba," in ji Kyari.

"Malam Sule, irin wannan nake ba ka kana ci, ba ka taɓa faɗa ba?"

"Kyauta ce, Ya Fanne," na ce.

Ta buɗe baki za ta ba ni amsa, sai idonta ya faɗa kan Kyari, yana durƙushe kusa da fitilar, haske ya cika masa fuska. Ta miƙa hannu ta kama haɓarsa ta juya ta dama, ta juya ta hagu.

"Yaushe ka yi gemu?"

"Tun bara."

"Ashe kamannin ubanka ka ɗauko. Har da wannan karkataccen hancin." Ta shafa hancin da ɗan yatsa. "Da ka tafi Jos, da ban gani ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta ko ɓoye su ba. Kyari ma ya sunkuyar da kai.

"Na gode, Kaka," in ji shi. Tunda nake ban taɓa jin ya kira ta da wannan suna ba. "Na san abin da tsintsiyar nan ta ci miki. Abin da kika riƙe tun kafin a haifi ubana, kika ajiye shi a ƙofar gidan mutum saboda ni. Allah ya bar mini ke."

"Amin. Kai ma Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mai yi maka." Ta goge fuska da gefen mayafi, ta saki haɓar tasa da ɗan turi. "Hayaƙin fitilarka ne ya shiga mini ido."

"Ba ta hayaƙi."

"To munin fuskarka ne. Shekara da shekaru ina zaune da kai a duhu, ashe rufa mini asiri Allah ya yi."

Ta kwashe ƙonannun ta tura mini, don dai kada a saɓa al'ada, ta zuba sabon ƙullu. Wannan karon ta tsame su jajir, ba ko ɗigon baƙi. Ta zaɓi manya ta barbaɗa yaji ta miƙa wa jikanta.

"Ungo. Ba don halinka ba."

Bai karɓa ba. Ya miƙe ya zaga bayan bishiya, inda take jingine tsintsiyarta, wadda ta yi aikin asuba, ya ɗauko. A lokacin mutane sun fara taruwa kallon haske, ga direbobi biyu, ga masu zuwa masallaci. A gabansu duka ya naɗe hannun riga, ya duƙa, ya fara share gaban murhun.

"Jama'a ku shaida," in ji shi. "Ita baiwar Fulani ce, ni kuma bawanta. Na yarda, bana ta ci ni."

Ya Fanne ta gyara zama a kan kujerarta, ta ɗora igiyar akuya a kafaɗa, ta yi dariya har ana ganin dasashinta. Ta nuna masa wani ɓawon gyaɗa can gefe da tsinken ƙosai.

"Ga wani can ka tsallake. Share da kyau, maigida. Yanzu fa ina gani."